'Yar ƙanena ruwa biyu ce, kullum fuskarta take zanawa a rabe: fasaha ce ko ciwo?

"Assalamu alaikum Malam. Ƙanena ya fi shekara ashirin yana kasuwanci a Guangzhou, can ya auri 'yar ƙasar, suna da 'ya mai shekara 17. Bana sun zo mana babbar sallah Kano. Yarinyar ba ta da aiki sai zane, kuma da ta buɗe mini littafinta, kusan kowane shafi fuskarta ce an tsaga gida biyu, gefe ɗaya baƙi, gefe ɗaya fari. Ta ce a can baƙuwa ake ɗaukarta, a nan kuma yara na bin ta suna 'yar Caina, 'yar Caina. Wai zane take so ta karanta a jami'a, don akwai manyan masu fasaha da aikinsu ke nan, tono a kan zama ruwa biyu. Abin ya tsaya mini a rai. Da gaske akwai wannan fanni? Me suke yi a cikinsa? Kuma ba fama miki ba ne yarinya ta zauna kullum tana zana abin da ke damunta? Mu ai a wurinmu ɗa na uba ne. Bahaushiya ce, shi ke nan."

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya raya mana ita, ya yi wa hannunta albarka. In na fahimce ki, abu uku kike son sani: ko akwai masu fasaha na gaske da suka mayar da zama ruwa biyu, musamman mai jinin Asiya, abin aikinsu, wane irin aiki suke yi, sai kuma wanda ya fi damun ki, ko zanen nan warkar da 'yarki yake yi ko ƙara tona mata ciwo. Amsar na farko gajeriya ce. Akwai, yarinyar ba ta yi miki ƙari ba, ana koyar da shi a jami'o'i, ana baje kolinsa a manyan gidajen fasaha. Sauran biyun sai mun ɗan zauna. Na daɗe ina koyar da zane, kuma fuskar nan da aka tsaga gida biyu na gan ta a hannun ɗalibai ba sau ɗaya ba. Kusan kowa daga nan yake farawa. Abin da nake so in nuna miki shi ne inda manyan suka dosa bayan sun baro wannan matakin, domin can ya kamata ku taimaka mata ta kai.

Yaron da ba a ba shi baki ba

Kafin irin waɗannan 'ya'ya su fara zana kansu, wasu ne suke zana su, kuma kama ɗaya ake yi musu. A 1904 aka fara nuna wani wasan waƙa na mawaƙin Italiya Puccini, mai suna Madama Butterfly, a birnin Milan na Italiya. Labarin wani hafsan sojan ruwan Amurka ne da ya auri yarinya a Nagasaki, ya tafi ya bar ta da ciki, ya dawo da matarsa Baturiya don su karɓi ɗan. Yaron yana kan dandamali ana ta waƙa a kansa, amma ko kalma ɗaya ba a rubuta masa ba, kuma sunan da uwarsa ta kira shi da shi ma'anarsa baƙin ciki. Bayan shekara 85, a 1989, aka sake ɗinka labarin a Landan da sunan Miss Saigon, aka mayar da shi Biyetnam. A ciki akwai wani mutum ruwa biyu, sai aka ba Bature, Jonathan Pryce, ya fito a matsayinsa, aka liƙa masa abu a fatar ido, aka shafa masa launi. Da za a kai wasan New York a 1990, 'yan wasa masu jinin Asiya suka tayar da ƙura, ƙungiyar 'yan wasa ta hana, daga baya ta janye. Kin ga hoton da aka gada ke nan: ɗan ruwa biyu abin tausayi ne, shaidar kuskuren iyayensa, wani ke magana da yawunsa.

Bayan dandamalin kuma akwai yaƙi da doka. Sojojin Amurka sun zauna a Japan bayan 1945, sun yi yaƙi a Koriya da Biyetnam, sun bar 'ya'ya a ko'ina. A 1948 wata mata mai suna Miki Sawada ta buɗe gidan marayu a garin Oiso musamman don irin waɗannan jarirai da ake yasarwa. A Amurka kanta, jihohi 16 sun ci gaba da haramta aure tsakanin farare da wasu jinsuna har 1967, lokacin da kotun ƙoli ta rushe dokar a shari'ar wasu ma'aurata da ake kira Loving. Macen Japan da ta auri baƙo ba ta iya gadar wa ɗanta zama ɗan ƙasa sai daga 1985. Sai a ƙidayar 2000 ne Amurka ta yarda mutum ya zaɓi jinsi fiye da ɗaya a takarda, kuma mutum kusan miliyan 6.8 suka yi hakan. Ita ma 'yarki tana da nata kason a wannan: Najeriya ta yarda ɗanta na haihuwa ya riƙe fasfo biyu, Sin ba ta yarda ba. Wato tsagin nan da kike gani a littafinta har a ofishin fasfo akwai shi.

Mutum ɗaya ya isa misali daga wancan zamani. Isamu Noguchi, mashahurin mai sassaƙa, an haife shi a Los Angeles a 1904, ubansa marubucin waƙoƙi ɗan Japan, uwarsa Ba'amurkiya. A 1942, da Amurka ta tsare masu jinin Japan a sansanoni, ya kai kansa sansanin Poston a Arizona da niyyar koyar da sana'ar hannu, ya tarar mazauna wurin ba su ɗauke shi nasu ba. Bayan shekara goma ya tsara abin tunawa da mamatan Hiroshima, kwamiti ya ƙi karɓa, kuma abin da aka fi dangantawa da ƙin shi ne kasancewarsa Ba'amurke. Jemage ke nan na karin maganarmu, tsuntsaye sun ce yana da haƙori, dabbobi sun ce yana da fiffike.

Hatta sunayen da ake kiran su suna ɗauke da lissafi. A Japan ana cewa hafu, daga kalmar Turanci mai nufin rabi, har wasu iyaye suka ƙi ta suka koma cewa daburu, wato ninki biyu. A Sin ana cewa hunxue, gaurayen jini, kuma na tabbata 'yarki ta sha jin wannan. Mu muna cewa ruwa biyu, wadda a kunnena ta fi sauƙi, don ruwa in ya haɗu ba a iya raba shi. Amma mu ma muna da barbarar yanyawa, kuma kowa ya san ba yabo ba ce.

Hoto da rubutun hannu

Aikin da na fi zaton 'yarki ta gani a intanet shi ne na Kip Fulbeck, malami a Jami'ar Kalifoniya da ke Santa Barbara, wanda uwarsa Basiniya ce, ubansa farar fata. A 2001 ya fara ɗaukar hotunan mutane masu jinin Asiya ta gefe ɗaya, har ya ɗauki fiye da 1,200. Tsarin ɗaya ne ga kowa: daga ƙashin wuya zuwa sama, bango fari, ba tabarau, ba ɗan kunne, ba kwalliya, ba murmushin dole. Ya kwaikwayi irin hoton da masu auna jinsin mutane na zamanin mulkin mallaka suke ɗauka, wanda ake jera fuskoki kamar samfurin hatsi a rubuta musu suna a ƙasa. Inda ya juya abin shi ne alƙalamin. Kowa aka ɗauka, sai a miƙa masa takarda ya amsa da rubutun hannunsa tambayar da ake yi masa tun yana yaro: kai mene ne? Wani ya jero ƙasashen kakanninsa, wani ya rubuta sana'arsa kawai, wani ya mayar da martani cikin fushi, ƙananan yara wasu suka yi zane. An fitar da littafin a 2006, aka baje hotunan a gidan tarihin Amurkawa 'yan asalin Japan da ke Los Angeles. Daga baya ya sake nemo wasu daga cikinsu ya ɗauke su, suka sake amsawa, a 2018 aka jera tsohon hoto da sabo. Amsoshi da yawa sun sauya. Wannan sashe na biyun ya fi burge ni, domin ya nuna amsar da mutum zai bayar yana ɗan shekara 17 ba ita zai bayar yana da 32 ba.

Duk da haka ina da ƙorafi a kan irin wannan aiki, kuma ba ni kaɗai ba. Har yanzu fuska ake kallo. Mai kallo yana shiga ɗakin ya ci gaba da abin da ya saba yi a titi, yana lalube a idon mutum da hancinsa yana cewa wannan na uwa ne, wannan na uba. Wasu ma suna fita da cewa kai, ruwa biyu akwai kyau, wanda shi ma wani kejin ne, ko da na zinariya. Kalmar da Fulbeck ya yi amfani da ita wajen kiran ruwa biyu, hapa, ta mutanen asalin Hawayi ce, kuma wasunsu sun nuna rashin jin daɗin yadda aka ɗauke ta aka yafa wa wasu. Abu na uku ya fi shafar gidanku: yawancin abin da ake yayatawa a wannan fanni na 'ya'yan Asiya da Turawa ne, alhali wanda ubansa baƙar fata ne hanyarsa ta fi ƙaya. A 2009 wata budurwa 'yar Shanghai, Lou Jing, ta shiga gasar waƙa a talabijin, aka yi mata ruwan zagi a intanet saboda launinta, ita da mahaifiyarta. A 2015 Ariana Miyamoto ta ci gasar sarauniyar kyau ta Japan, wasu suka ce ba ta yi kama da 'yar ƙasa ba, alhali a yankin Nagasaki aka haife ta. Abubuwa suna motsawa: Rui Hachimura, wanda ubansa ɗan Benin ne, yana cikin mutum biyun da suka riƙe tutar Japan a buɗe gasar Olimfik ta Tokyo a 2021, kuma Han Hyun-min, ɗan wani ɗan Najeriya da 'yar Koriya, ya yi suna a tallan tufafi a Seoul. Amma shaharar mutum biyu ba ta hana a taɓa gashin yarinya a motar haya.

Waɗanda suka kau da kai daga fuska

A 2013 wata mai zane, Laura Kina ta Jami'ar DePaul a Shikago, da abokiyar aikinta Wei Ming Dariotis suka tara masu fasaha 19 a baje koli ɗaya, aka nuna a Shikago sannan a Seattle. Sunan da suka sa masa ya haɗa laƙabi biyu da ake manna wa irin waɗannan 'ya'ya, ɗan yaƙi da ɗan soyayya, na biyun kuwa a bakin Turawa yana iya nufin ɗan gaba da fatiha. Abin lura a wannan taro shi ne yadda da yawansu suka ƙi zana rabi da rabi. Gina Osterloh, mai jinin Filifin da Jamus, takan gina ɗaki da takardu masu launi, ta shiga ciki ta ɗauki hoto, fuska a ɓoye, jiki ya saje da bango har sai ka ƙura ido kafin ka gane inda mutum ya ƙare takarda ta fara. Ta hana mai kallo abin da ya zo nema. Mequitta Ahuja, wadda ubanta Ba'indiye ne, uwarta baƙar fatar Amurka, takan tsaya gaban kyamara ta ɗauki kanta, sannan ta zana daga hoton, kuma a wasu zanukanta gashin kanta ne ke bazuwa ya cika takardar, ya zama daji, ya zama sararin da tunani ke yawo. Gashin da aka fi tsokanar irin 'yarki a kansa, shi ta mayar gona. Albert Chong na Jamaika, mai jinin Afirka da Sin, tsofaffin hotunan danginsa yake ɗaukowa, ya kewaye su da furanni da ƙananan tarkace, ya rubuta labarin mai hoton a gefe, ya sake ɗauka.

Akwai wata da nake so ki faɗa wa 'yarki sunanta: María Magdalena Campos-Pons, 'yar Kyuba, haihuwar 1959 a yankin Matanzas. Kakanninta sun haɗa da Bayarabe da aka kai bauta gonar rake, da Basine daga cikin leburorin da aka fara kwasowa Kyuba a 1847 don aikin raken nan dai. A 2008 ta yi wani aiki da tulunan tangaran irin na Sin, ta sa masa suna da maganar da mahaifiyarta ta taɓa yi mata, cewa ita ma Basiniya ce, kuma a Guangzhou aka nuna shi. Dubi inda ta sa ido. Ta bar madubi ta koma gonar rake, ta tambayi abin da ya haɗa mutumin Afirka ta Yamma da mutumin kudancin Sin a tsibiri ɗaya. Da ta yi haka, sai labarin ya tashi daga na mace ɗaya mai neman kanta ya zama tarihin sukari da jiragen ruwa da bauta.

Me ya sa da yawansu suke karkata ga wasan dandamali da fasahar da ake yi da jiki a gaban mutane? Domin matsalar tun asali a kallo take. Wanda aka saba ƙura wa ido a kasuwa, in ya hau dandamali shi ke yanke lokacin da za a kalle shi da abin da za a gani. Velina Hasu Houston, 'yar wata Bajapaniya da sojan Amurka baƙar fata, ta tashi a wani ƙaramin gari kusa da barikin soja a Kansas. A wasanta Tea, na 1987, matan Japan huɗu da suka biyo mazajensu sojoji sun taru shan shayi a gidan ta biyar da ta kashe kanta. Can cikin wasan sai matan nan su rikiɗe su zama mazajensu, su sake rikiɗa su zama 'ya'yansu mata. Jiki ɗaya, murya uku, ba a sauya ɗan wasa ba. Abin da zanen fuska mai tsagi yake ƙoƙarin faɗa ya kasa, wannan ya faɗe shi, don a nan ba layi a tsakiya.

Dakar

Aikin da ya fi taɓa ni a wannan fanni a maƙwabtanmu aka yi shi. Faransa ta kwashi sojoji daga ƙasashen Afirka ta Yamma da ta mallaka, har da Nijar, ta kai su yaƙin Indocin, wato yankin Biyetnam da maƙwabtanta, wanda aka yi daga 1946 zuwa 1954. Da aka ci Faransa a gumurzun Dien Bien Phu a arewacin Biyetnam, wasu sojojin suka dawo da matansu 'yan Biyetnam da 'ya'ya, wasu suka ɗauko 'ya'yan kawai suka baro iyayen mata, har akwai waɗanda suka girma ba a taɓa gaya musu wace ce ta haife su ba. Zuriyarsu na nan a Dakar, babban birnin Senegal, kuma soyayyen naɗin nan na Biyetnam da ake kira nem ya zama abincin gari a can. Tuan Andrew Nguyen, mai fasaha ɗan Biyetnam, ya zauna da waɗannan iyalai. Ya roƙi wasu daga cikinsu su rubuta hirar da ba a taɓa yi ba, tsakaninsu da uba ko kaka, ko tsakanin iyayen a daren rabuwa. Sai ya ɗauke su a bidiyo suna karantawa a gaban makirufo, 'yan wasa kuma suna motsa baki da kalmomin a wani allon. Allo huɗu ne ke kewaye mai kallo, dole ka riƙa juyawa, kuma duk inda ka juya akwai abin da ya wuce ka a bayanka. An fara nuna shi a Sharja a 2019, daga baya aka kai shi Dakar.

Ba wanda ya tsaya auna hancin kowa a wannan aiki. Tambayar ita ce: wa aka baro a tashar jirgin ruwa, kuma wa ya yanke shawarar a yi shiru? Yaron nan na 1904 da aka hana baki, a nan shi ke riƙe da takardar.

Abin da na gani a ajina

Tsakanin shekarun 1970 da 1980 malamai da ma'aikatan jinya daga Indiya da Pakistan da Filifin sun cika makarantu da asibitocin Arewa, kuma kaɗan daga cikinsu sun yi aure sun zauna. Na taɓa koyar da 'yar ɗaya daga cikinsu, uwa 'yar Filifin, uba Bakatsine. Hausarta ta fi tawa daɗi, amma ba ranar da za ta fito ba a tambaye ta 'yar ina ce ba. A shekararta ta biyu ta kawo mini fuska mai tsagi, irin ta 'yarki. Na yaba hannun, don ya cancanta, sannan na ce ta nuna mini a jikinta inda layin ya bi. Ta yi shiru, ta naɗe takardar ta fita. Na kwana ina tunanin ko na yi mata tsauri.

A baje kolin ƙarshen karatu ba ta rataye komai a bango ba. Tabarma ta shimfiɗa a gindin darbejiya, ta zauna da hijabinta da littafin rubutu, ta kafa kwali mai cewa: ka tambaye ni ko ni 'yar ina ce, amma sai ka fara faɗa mini garin da aka binne cibiyar kakarka ta wajen uwa. Ta san mu sarai, ta san ba Bahaushen da zai faɗi sunan uwarsa a bainar jama'a, shi ya sa ta nemi gari. Samari suka zo da dariya suka koma suna sosa ƙeya. Wasu suka kira gida a waya. Amsoshin da ta samu ta riƙa rubutawa tana maƙalawa a igiyar shanya: Agadas, Kukawa, Bidda, Ilori, wani ƙauye a hanyar Makka ta Sudan. Wajen la'asar wani dattijo mai gadi ya tsuguna a bakin tabarmar, ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce kakarsa kawo ta aka yi tana ƙarama, ba wanda ya taɓa faɗin daga ina. Ɗalibar ta rubuta "ba a faɗa ba", ta maƙala a tsakiyar igiyar. Shi kuma bai ma tambaye ta nata ba, ya tashi ya koma bakin ƙofa.

Ki gwada wannan tambayar a kanki, Hajiya. Yawancinmu ruwa biyu ne ko uku, Fulani da Barebari da Buzaye da Nufawa duk suna cikin jininmu, launin fata ne kawai bai tona mu ba.

Ɗa na uba ne

Maganarki tana da gaskiya, kuma kyauta ce babba. Yara da yawa da na ambata a sama abin da suka rasa ke nan, dangin uba da za su ce namu ce ba tare da sharaɗi ba. Ki ci gaba da faɗa mata. Inda nake roƙon ki sassauta shi ne "shi ke nan" ɗin. Yarinyar da harshen uwarta take mafarki, a hannun kakarta ta can ta koyi cin abinci. In aka ce mata Bahaushiya ce kawai, abin da kunnenta zai ji shi ne a ajiye uwar a bakin zaure. Mu da muke cewa dangin uwa sun fi tausayi, muke ba kawu matsayin da muke ba shi, bai kamata mu ne za mu share nata ba.

Game da fama miki, ban ga littafin ba, kuma ni ba a taɓa bi na a layi ana kira na da sunan wata ƙasa ba, don haka ki auna maganata da wannan. Abin da na lura a aji shi ne zane yakan ba damuwa siffa, abin da ke da siffa kuwa ana iya ajiye shi a tebur a dube shi. Alamar lafiya ita ce aikin yana sauyawa: bana fuska, baɗi hannu, ko ɗaki, ko kasuwa. In kuwa shekara ta zagayo hoto ɗaya take maimaitawa, ga rashin barci ko ƙin abinci, ko ta fara neman man sauya fata, ko tana faɗin ta tsani jikinta, to wannan ya wuce aikin malamin zane, iyayenta su kai ta ga likitan da ya san matasa.

Batun karatu kuma, Guangzhou tana da tsohuwar makarantar koyon zane mai suna, sai dai jarrabawar shiga irin waɗannan makarantu a Sin tana da tsauri, ana gwada zanen fensir da launi da zanen gaggawa, don haka ta dage da koyon hannu tun yanzu. In nan take so, sashen zane na Jami'ar Ahmadu Bello yana da tarihin da ya dace da ita: a Zariya ne a 1958 su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suna ɗalibai, suka kafa ƙungiyar da ta ce sai an narka abin da aka gada da abin da aka koyo ya zama abu ɗaya. A gaya mata gaskiya cewa kaɗan ne ke cin abinci da baje koli kaɗai. Yawanci suna haɗawa da koyarwa, ko tsara littattafai da tufafi, ko zanen kwamfuta. Kuma ba dole ta tuɓe kafaɗa kamar a hotunan Fulbeck ba, ɗalibata da hijabinta ta yi nata.

Ke kuma akwai abin da ke hannunki wanda ba jami'ar da za ta ba ta. Ki buɗe akwatin tsofaffin hotuna, na auren iyayenku, na babanta yana ɗan makarantar allo, ki ɗauka a waya ki tura mata, kowanne da labarinsa a saƙon murya, da Hausa, ko da sai babanta ya fassara. In akwai tsohuwa a gidan, a ɗauki muryarta tana jero kakanni da garuruwansu. In sun sake zuwa, ki zaunar da ita ta zana hannuwanki kina tankaɗe ko kina ƙulla lalle, ki bar ta ta ɗauki lokacinta. Yaran layin kuma ki fita da kanki ki gaya musu sunanta da sunan kakanta, su san gidan da ta fito. Sannan ki kira matar ƙanenki ki tambaye ta sunan garin da aka haifi mahaifiyarta, ki rubuta a takarda, ki yi ta maimaitawa har bakinki ya iya faɗarsa daidai kafin sallah mai zuwa.